Daminar da Na Goya Zakara

Marka ta sauka bana da ƙarfinta. Kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo ba, itace ya jiƙe, hayaƙi ya hana mu sakat a madafi. Shekaranjiya ina zaune bakin ƙofa ina tsintar wake, sai ga jikata Hadiza ta faɗo gida a guje, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, wai zakaran maƙwabta ya biyo ta. Na jawo ta jikina ina rarrashi, amma dariya ta ƙi barina.

Ta ce, "Kaka, zai cinye ni kina dariya?"

Ba ita nake wa dariya ba. Wata damina ce ta faɗo mini a rai. Tun da na shiga ajin yaƙi da jahilci da girmana na iya riƙe alƙalami nake cewa wata rana zan rubuta labarin Dogari. To ga ruwa ya hana fita, bari in rubuta.

Lokacin Turawa suna ƙasar nan, Rogo tana ƙarƙashin hakimin Karaye. Muna zaune a wani ɗan ƙauye kusa da Beli, gidajensa ba su da yawa, in aka yi atishawa a wannan gefe a kan amsa daga wancan. Ni daga wajen Fulatan aka kawo ni. Mu huɗu ne a gidan: ni, da maigidana Malam, da mahaifiyarsa Iya, Allah ya jiƙansu, sai 'yata ta fari mai shekara uku. Ita wannan ba zan rubuta sunanta ba, don har yau bakina bai taɓa faɗinsa ba. Haka muka taso, ɗan fari kunyarsa ake ji. Tun da aka yaye ta ta koma ɗakin kakarta, ba na ɗaukarta, ba na yi mata wasa a gaban mutane. 'Yar Iya muke ce mata.

Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ba ta cika ido ba, gyaɗar da aka kai sikeli kuma ba ta taka kara ta karya ba. Kafin bazara ta yi nisa, in Malam ya shiga rumbu sai ya ɓace har kai kafin ya miƙo dami. Ga zafi. Ƙasa tana gasa tafin ƙafa, guga yana dawowa daga rijiya da laka, ƙadangaru ma bakinsu a buɗe suke yini. Cikin wannan hali ciwon kaji ya shigo gari. Sai ka ga kaza ta saki fukafukai, ta sunkuyar da kai, wuya ya murɗe, kafin gobe ta tafi. Mun jiƙa musu barkono, mun jiƙa ɓawon maɗaci, duk a banza. Garin ya yi tsit da asuba, har ladan ya makara sau biyu.

Da abin ya lafa aka duba abin da ya rage. Ni na tsira da kaji biyu cikin waɗanda mahaifiyata ta ba ni, Wake mai ɗige-ɗige da Fingi. Wasu matan ɗaya, wasu biyu, wasu akurki kawai. Zakara kuwa, duk garin ɗaya tak ya rage, shi ne namu.

Yaran yanzu ba za su gane ba, su da suke sayen farar kaza a keji wadda ko sunanta ba ta sani ba. A lokacinmu kaza ita ce rumbun mace. Da ita ake samo gishiri da kanwa, da ita ake fita kunyar baƙo, in yunwa ta matsa kuma a kai budurwar kaza kasuwar Rogo a dawo da hatsi a ƙwarya. Kaza ba zakara kuwa, ko ta kwanta wata guda kan ƙwai, baragurbi za ta tashi ta bari.

Sai dai kaji na mata ne, zakaran nan kuwa na Malam ne. Shi ya sayo shi a kasuwar Karaye yana ɗan ƙarami. Ja ne wur, wutsiyarsa tana ɗaukar ido kore-kore, zankonsa ya kwanta gefe ɗaya kamar hular ɗan gayu. Saboda launinsa da yadda yake tsare ƙofa Iya ta sa masa Dogari. Da can yana da ladabi, don akwai manyansa. Da ya waiga ya ga ba kowa sai shi, shi ke nan, kai ya kumbura.

Ruwan fari ya sauka, ƙamshin ƙasa ya tashi, aka yi shuka. Ciyawa ta tsiro, ƙwari suka fito, kaji suka murmure suka fara kukan ƙwai. Sai mata suka fara sallama, kowacce da kazarta a hammata. Maƙwabciyarmu Yaya Abu ce ta fara.

"Iya, na kawo wa Dogari amarya. Sadaki sai an ƙyanƙyashe."

Iya ta ce, "Ajiye ta ki gudu, angon ba ya son 'yan rakiya."

Ba ta rufe baki ba ya taso. Yaya Abu, mace mai jiki, ta tsallake turmi kamar budurwa, ta bar mayafinta a tsakar gida. Haka ya riƙa yi. Zai karkata gefe, ya saukar da fiffike ɗaya yana jan ƙasa, ya tako a hankali kamar mai neman gaisawa, sai kawai ka ji shi a ƙwaurinka, baki da ƙafa gaba ɗaya. Akwai wani tsini a bayan ƙafarsa mai kama da ƙayar aduwa. Ni na koma zagayawa da faifai a hannu kamar garkuwa. Mun kifa masa kwando, ya ƙi ci ya ƙi sha. Mun ɗaure ƙafarsa a jikin turke, ya nannaɗe kansa da igiya har ya kusa shaƙewa, ga kajin mutane suna jira. Dole aka sake shi.

A wannan lokaci tuwo sau ɗaya muke tuƙawa, da yamma. Da safe kunu ne wanda kana iya hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Da rana ni da Iya mu shiga bayan gari mu tsinko tafasa da rama, mu dafa, mu marmasa ƙuli-ƙuli ɗaya a kai, a ci a sha ruwa a gode wa Allah. Har dusar da a da muke watsa wa kaji sai da muka fara tankaɗe ta mu zuba a kunu. Su kuma kajin, nakan cika tsohuwar tukunya da kashin shanu da karmami in kife ta a bakin shuri, da safe in ɗauko ta cike da gara in zazzage musu.

Malam kuwa kurkunu ya kwantar da shi tun farkon damina. Ya samu ya yi noman firi, wato na farko, da ƙyar, kafin ƙafar ta warke ciyawa ta kusa shanye geron. Sai ya roƙi gayya, mazan gari su taru ranar Asabar su taya shi maimai. Mai gayya kuwa dole ya ciyar. Iya ta ware ɗan geron fura ta ɓoye, amma abin da za a sa a miya babu.

Ana saura kwana bakwai, Malam ya tsuguna yana alwalar la'asar, Dogari ya zagayo ta baya ya sauka daidai kan tabon kurkunun nan. Buta ta yi gabas, hula ta yi yamma. 'Yar Iya ta sheƙe da dariya ta rugo ta gani, sai ya juya kanta. Kafin a kai gare ta ya tsaga mata goshi, kaɗan ya rage ya samu ido. Jini ya wanke mata fuska. Na yunƙura, sai na tuna Iya na tsaye, na daskare da muciya a hannu. Iya ce ta ɗauke ta.

Malam mutum ne mai sanyi, amma ranar idonsa ya kaɗa. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Na ran..."

Iya ta katse shi. "Kul, Auta! Kada ka rantse. Faɗi maganarka ba rantsuwa."

Ya haɗiye. "To, ban rantse ba. Amma ranar Asabar shi ne miyar 'yan gayya. Da ma ina neman nama."

Na yi ƙasa da murya na ce, "Malam, Wake ƙwai huɗu kawai ta yi, Fingi ba ta fara ba. Ga kajin mutane."

"Kajin mutane sun fi idon 'yata?"

Gaskiya ya faɗa. Iya ta ce, "In ya shiryu kafin Asabar fa?"

"In ya bar taɓa kowa a gidan nan, ya ci albarkacinki. Amma Iya, zakara ne, ba ɗan makaranta ba."

Washegari da Malam ya tafi gona, Iya ta kira ni. Ta ce, "'Yar nan, ciwon Dogari girman kai ne, maganinsa kuwa kunya. Haka uwata take yi. Duk wanda ya ɗauki zakara ya yi ta yawo da shi a gaban matansa, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, to ya gama da shi, ba zai ƙara ɗaga masa fiffike ba. Ni hannuna ba ƙarfi, ke kuma ga aiki. Goya shi za ki yi."

Na ce, "Iya, goyo kuma? Irin na mutane?"

"Da irin na birai?"

Muka jefa masa zane muka danne shi. Iya ta ɗaure ƙafafun da tsumma, ta kwantar da fukafukan, ta ɗora mini shi a baya. Na ja zane na ɗaure, na sa majanyi na tamke, kansa kawai ya leƙo. Abin da ƙeyata ta sha a wannan safiya, ni da Allah muka sani. Ya cire mini ɗankwali sau uku, ya tsinke mini kitso. Zafin jikinsa kamar na mai zazzaɓi, ga ƙumar kaji tana yawo a wuyana. Iya ta ce in yi ta aikina kusa da kajin, kada in kula shi. Na yi shara, kaji suna biye da ni suna karkata kai suna kallon maigidansu. Da na kama taɓarya na fara surfe, ina sunkuyawa ina miƙewa, sai na ji ya yi laƙwas. Iya ta leƙa ta ce, "Ya yi barci, ɗan banza."

Magana ba ta kwana a ƙaramin gari. Kafin azahar Yaya Abu ta shigo da mata biyu suna guɗa.

"Barka da arziki! Yaushe aka haihu ba mu ji ba? Kai, ga shi ja kamar ubansa. Yaushe suna?"

"Ki shafa masa man shanu a maɗiga," in ji ɗayar.

Na yi ta murmushi kawai, don in na buɗe baki kuka zai iya fitowa tare da dariyar. Abin da ya fi taɓa ni 'Yar Iya ce. Tana zaune bakin ɗakin kakarta da ƙullin magani a goshi, ta zuba mini ido, can ta ce, "Iya, zakara ake goyawa, ni ba a goya ni." Na yi kamar ban ji ba, na ƙara wa taɓarya ƙarfi.

Daga hantsi zuwa azahar nake goyonsa, sannan in sauke shi ya je ga matansa. Rana ta uku da na kwance shi, na tsaya a gabansa ba faifai. Ya girgije, ya dube ni da ido ɗaya, ya kewaye ni ya wuce kamar bai san ni ba. Rana ta huɗu Iya ta zaunar da 'Yar Iya a cinyarta, aka ɗora musu shi, hannun kaka a kan hannun jika, suka yi ta shafa shi har aka sauke tukunya. Daga ranar yarinyar ma ya bar ta. Na fara jin iska a ƙirjina.

Ranar Juma'a da yamma Malam ya dawo, na ce masa, "Malam, ya shiryu." Ya ce to, mu gani. Ya tattare wando ya ratsa tsakar gida. Bai kai rumbu ba Dogari ya saukar da fiffike. Sai da Malam ya haye kan turmi.

Ashe wanda ya ɗauke shi kaɗai yake ragawa. Iya ta ce, "Auta, kai ma ɗauke shi za ka yi, ko na rabin yini."

"Ni? Magidanci da ni, in rungumi zakara ina zagaya gida kaji suna kallona? Iya, ki yi haƙuri. Gobe da safe."

Iya ta yafa mayafi ta ce za ta zaga gari ta yi wa mata bangajiyar aron ƙoren furar gayya.

Asabar ta waye da yayyafi, sannan gari ya washe. Tun da sassafe muka ji gangar noma ta nufi gonarmu, maza duk sun bi ta da fartanyu. Na kama Dogari da hannuna, na rungume shi, raina ba daɗi. Malam ya miƙo hannu. Na ce, "Sa shi a hammata, Malam, ka danne fukafukan, kada ya sare ka." Ya karɓa, ya nufi jinkar ɗakinsa inda yake soke wuƙar yanka. Babu wuƙa.

"Iya, ina wuƙa?"

"Tana inda na ajiye ta."

"Ina ne nan?"

"Oho. Tsufa ba daɗi, Auta. Duba mana."

Ya duba ɗakinsa, ya duba nawa, ya zagaya rumbu, ya leƙa bayan madafi, ya dawo ya sake zagayawa. Ba ya iya ajiye zakaran, don ya san in ya sake shi ba mai kama masa. Kaji kuwa, nawa da na baƙi, sun yi layi a bayansa suna zaton tsaba zai watsa. Da ya gaji ya fita aro. Muna jiyo shi daga kan danga, don gidajen a manne suke.

"Salamu alaikum, a ba ni aron wuƙa."

Muryar Yaya Abu ta fito daga ciki. "Wayyo Malam, tamu ko kuɓewa ba ta yankawa. Da haƙori nake gutsura."

Gida na gaba aka ce maigida ya tafi da ita gonarka. Na gaba aka ce sai dai muciya, in za ta yi. Wata tsohuwa ma ta tsare shi da gaisuwa, ta tambayi ƙafa, ta tambayi Iya, ta tambayi mutanen Fulatan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce wuƙa kam rabonta da ita tun rasuwar mai gidan. Haka ya gama garin kaf, rana ta take, zakara na hammata. Sai a lokacin na gane bangajiyar da Iya ta je yi.

Muka gama dama fura, muka kwaɗa zogale. Na ɗora ƙwarya a kai, sai Iya ta ce, "'Yar nan, bayana ciwo yake. Wannan bayan naki da ya iya ɗaukar zakara, ɗauki yarinyar nan mu tafi." Ta faɗa tana kallon wani wuri. Na durƙusa, 'Yar Iya ta haye, na tamke majanyin nan dai. Ta kwantar da kumatunta a tsakiyar bayana. Ban san hanyar gonarmu gajeriya ce ba sai ranar.

Mun isa ke nan sai ga Malam ya ɓullo ta ɗaya gefen, gumi sharkaf. Makaɗi ya hango shi ya sauya kiɗa, yana kirari: "Ga mai gayya da babban baƙo! Kowa da fartanya, shi da zakara!" Maza suka dogara kan ƙotoci suna dariya har da hawaye. Malam ya daure ya nufi Baba Maƙeri, dattijon garin, wanda wuƙa ba ta rabuwa da ƙugunsa.

"Baba, taimaka mini da wuƙarka, in fita kunyarku."

Baba Maƙeri ya zare wuƙar, ya gwada kaifinta a babban yatsa, ya dubi zakaran, ya mai da ita kube.

"Ɗana, jiya uwar 'ya'yana ta ce in jinin zakaran nan ya taɓa wuƙata, in nemi mai tuƙa mini tuwo har kaka. Kazarta tana gidanka."

"Ni ma haka aka ce mini," in ji wani.

"Ni har da ruwan wanka aka haɗa!"

Baba Maƙeri ya ce, "Ka ji. Tsoka ɗaya-ɗaya za mu samu, mu yi wata uku muna biya. Mun yafe naman. A kawo fura."

Malam ya ce, "Baba, ba don nama kaɗai ba ne. Abin nan ba ya barin ƙafata."

Iya ta sa baki daga inuwar ɗorawa. "To sauke shi mu gani."

Ya sunkuya ya ajiye shi a kan kunya. Kiɗa ya tsaya. Dogari ya miƙe ƙafa ɗaya, ya miƙe ɗayar, ya girgiza jiki. Ya karkata kai ya dubi ƙwaurin Malam, tabon nan yana fili, tazarar taki ɗaya. Ni dai salati nake a zuci. Sai ya sunkuya ya tsinci wata tsutsa a gindin gero, ya haɗiye. Malam ya ɗauki fartanya ya kafta, ƙasa mai laima ta juye, Dogari ya bi sawun yana tsintar abin da ta tono. Haka suka yi har ƙarshen kunya, mai noma a gaba, zakara a baya kamar bara da ubangidansa. Ganga ta ɓarke, aka yi ta sowa.

Da la'asar gonar ta fita fes. Da muka koma gida Iya ta tuna inda ta ajiye wuƙa. Tana ƙarƙashin ciyawar da Wake take zuba ƙwai, can cikin akurki, inda ba namijin da zai sa hannu. Malam ya dube ta, ya dube ni, ya girgiza kai ya ce, "Allah ya shirye ku." Amma gefen bakinsa yana motsi.

Kafin a fara cin tumu, gari ya cika da kukan 'yan tsaki. Wake ta fito da nata, Fingi ta biyo baya, kowace mace ta aiko mini da ɗan tsako ɗaya, wai tukwicin uwar goyo. Sunan ya bi ni, har muka koma Beli na tsufa ana ce mini Uwar Dogari. Shi kuwa bai ga wuƙa ba, tsufa ne ya ɗauke shi. Baƙo dai har ya mutu bai daina kora ba, sai mun rako mutum da faifai. 'Yar Iya yanzu ita ma da jikokinta, tabon yana nan a goshinta, in ta zo gaishe ni nakan kai hannu in taɓa shi, tunda suna ne ba na faɗa.

Jiya da ruwa ya ɗan tsagaita na dogara sanda na leƙa gidan maƙwabtan, in ga wanda ya kori Hadiza. Ja ne wur, wutsiya kore-kore, zanko ya kwanta gefe ɗaya. Yana ganina ya saukar da fiffike. Matar gidan ta ce, "Ki yi haƙuri Kaka, mai gidan ya ce gobe zai yanka shi mu huta."

Na ce ta roƙi mai gidan ya ba ni kwana uku. Na juya na ce wa Hadiza ta ruga gida ta ɗauko mini majanyi.